Dambun Inna Tasalla Ya Je Delhi

Ranar da Aƙilu zai bar Ƙarfi zuwa Indiya karatun aikin gona, babu wanda bai tofa albarkacin bakinsa ba. Mahaifinsa, Malam Zaharaddeen, cewa ya yi shi dai bai taɓa jin an tsallaka teku don a koyo abin da ke bayan gida ba, amma tunda ba daga rumbunsa za a biya ba, Allah ya ba da sa'a. Abokai suka ce ya gaishe musu da masu rawa a kan duwatsu. Ana cikin ɗaure jaka sai ga Inna Tasalla, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ta yi sallama rungume da wani bokitin kastad da aka naɗe murfinsa da salatif kamar ƙafar mai karaya.

"Ungo wannan ka kai wa Mudi," in ji ta. "Dambun nama ne, rabonsa na ragon layya. In ka sauka ka tambayi gidansa, ai ba wanda bai san shi ba."

Mudi shi ne ɗanta na fari. Yana Delhi yana yi wa Hausawan da ke zuwa asibiti tafinta, kuma rabonsa da gida tun Aƙilu bai fara tsiron gemu ba. A lissafin Inna Tasalla, Indiya ba ta wuce Malumfashi da kewaye ba, in ta yi girma ƙwarai a haɗa mata da Funtuwa. Aƙilu ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce in sha Allahu zai isa yadda ta ba shi. Bai san kura aka ba ajiyar nama ba, kuma shi ne zai zama kurar.

Jami'ar da aka tura shi tana can cikin wani fili a jihar Rajasthan, nesa da gari, ba abin da ke kusa da ita sai wani ƙauye. Ranar farko ya bi layi a ɗakin cin abinci, aka zuba masa shinkafa, da gurasa shafal, da wani romon wake tsululu da suke kira dal. Ya zauna ya sa cokali yana lalube a ƙasan romon, a zatonsa naman nutsewa ya yi. Washegari ma ya laluba. Da abin ya ishe shi sai ya tambayi abokin ɗakinsa, wani siririn Ba'indiye mai fara'a da ake kira Parkash, wace rana ce ranar nama.

Parkash ya yi dariya har da riƙe ciki. Babu ranar nama. Babu ta kifi. Ko ƙwai ba ya shiga wannan makaranta, kuma doka ce, wanda aka kama da nama a ɗakin kwana sai ya yi bayani a ofis. Mutanen ƙauyen ma haka suke tun kakanninsu.

Abin da ya fi ci wa Aƙilu rai shi ne shanu. Ga su nan kwance a tsakiyar titi suna tuƙa, ba igiya, ba makiyayi, motoci na kauce musu kamar surukai. A Ƙarfi saniya ɗaya ta leƙa gonar masara sai an kwana ana shari'a a ƙofar mai gari, amma nan ga garke guda yana yawo ba mai cewa nawa ne. Yakan tsaya ya ƙura wa tozo ido ya haɗiyi yawu, sannan ya yi istigfari ya wuce aji.

Bokitin kuwa yana ƙarƙashin gado, a cikin jaka, a cikin tsohon zanen gado. Ya kira Mudi tun satin farko, Mudi ya ce ai tsakaninsu tafiya ce ta jirgin ƙasa, ya riƙe har ya samu sarari. Sarari kuwa ya ƙi samuwa, daga rajista sai jarrabawar gwaji. Zafin ƙasar ya saki salatif ɗin ta gefe guda, sai ƙanshi ya fara fitowa: citta, masoro, kanumfari, albasa da man gyaɗa, ƙanshin tsakar gidan Inna Tasalla washegarin Sallah. Parkash ya shaƙa ya tambaya wane irin turare ne wannan. Aƙilu ya ce kayan gida ne, wanda dai ba ƙarya ba ne.

Shaiɗan bai bar shi ya huta ba, kuma ya zo masa da hujjoji kamar wanda ya yi karatu. Ya ce dambu ba tsoka ba ne balle a ƙirga. Ya ce ɗan tsakure da yatsa biyu, a girgiza bokiti, wa zai sani? Ya ce ita kanta Inna da ta ga yadda ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa, da hannunta za ta ɗebar masa. Aƙilu yakan jawo bokitin, ya dafa murfin, sai ya tuna ɗakin ajiyar mahaifinsa. Mutanen Ƙarfi sukan jibge buhunan masara da waken suya a wurin Malam Zaharaddeen su tafi ba tare da sun sa wa buhu alama ba, a dawo bayan damina a same su yadda aka bar su. Ɗan wannan mutumin ne zai sa yatsa a rabon wani? Sai ya mayar da bokitin ya ƙara masa salatif.

Ban da haka yana da lissafinsa, don Aƙilu mai amana ne amma ba wawa ba ne. Ɗan saƙo ba ya komawa hannu Rabbana. Duk wanda aka kai wa abu daga uwa duniya, dole ya buɗe a gaban wanda ya kawo, ya yi masa tayi, ya ba shi tukuici. Ya haƙura ya kai shi cif, ya ci rabonsa da mutuncinsa. Mai haƙuri, aka ce, shi ke dafa dutse har ya sha romo, shi kuwa romon wake ya riga ya sha ya gaji.

Da aka samu ƙarshen mako ba darasi, Parkash ya yankar masa tikiti ta waya. Aƙilu bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Iyakar saninsa da shi layin dogon Funtuwa, inda awaki ke shan hantsi. Ya shiga da safiyar Asabar ya zauna a takure, bokiti a kan cinya, ya rungume shi kamar za a ƙwace.

A kujerar da ke fuskantarsa wata tsohuwa ce zaune da jikokinta. Jirgi bai yi nisa ba ta kwance wasu kwanukan silba masu hawa-hawa, ta naɗo gurasa da dankali ta miƙo masa. Aƙilu ya yi abin da aka tarbiyyantar da shi a kai: ya dafa ƙirji, ya girgiza kai, ya nuna ya ƙoshi. Tsohuwa ta ɓata fuska ta sake miƙowa. Ya sake girgiza kai. A na uku ba ta tsaya shawara ba, ta ɗora masa a kan murfin bokitin, ta yi masa faɗa da yarenta, faɗan da ko ba tafinta ya gane shi, don ya sha jin irinsa a gida. Ya ci, ta ƙara masa, ya cinye. Tun zuwansa ƙasar bai ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Ya ce a ransa, in baƙuwar da ba ta san sunansa ba ta san tayi haka, ina ga ɗan Ƙarfi?

Delhi ta tarbe shi da hayaniyar da bai taɓa ji ba. Mutane kamar an tashi kasuwar Dandume sau dubu a lokaci guda, kowa na sauri, kowa na hon. Keke napep kuwa ko'ina, kore da ruwan ɗorawa, har ya ji kamar ya gaishe su, ashe nan ne garinsu. Cikin wannan turmutsutsu ya ji an ce, "Kai ɗan Malam Zaharaddeen!"

Mudi ne, ya yi tumbi, ya yi furfura a gefen kunne, waya biyu a hannu. Hausarsa tana nan garau, sai dai yana magana yana kaɗa kai irin na mutanen ƙasar. Suka rungume juna. Kafin su isa gida an kira shi ya fi a ƙirga: wannan Alhajin an ce kada ya ci komai kafin gwaji ya sha kunu, waccan Hajiyar ta ɓata a hawa na huɗu. Ɗakinsa yana saman wani tsohon bene, ɗaki ɗaya da ɗan madafi, ga katifa, ga darduma, ga kwali-kwalin magungunan mutane.

Bayan an gaisa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka mutu, Aƙilu ya tura bokitin gabansa. Mudi ya sa wuƙa ya yanke salatif ya ɗaga murfi. Ƙanshi ya cika ɗakin. Dambu ne jajir, an danna shi har baki, sawun bayan ludayin Inna Tasalla na nan kwance a samansa.

Mudi ya ƙura wa dambun ido. Wayarsa ta yi ƙara bai ɗauka ba.

"Haka ta ba ka shi?"

Aƙilu ya zaro ido. Wato duk wahalar nan zarginsa za a yi? "Wallahi tallahi, Yaya Mudi, haka ta ba ni. Salatif kawai na ƙara. Ko ƙanshinsa da na ji ba da gangan ba ne."

"A'a, ba haka nake nufi ba," in ji Mudi. Ya share fuska da tafin hannu, ya turo bokitin. "Bismillah, ɗiba mana."

To, kowa ya san tayi hawa uku ne. Na farko gaisuwa ce, ba a amsa shi sai mayunwacin da ba shi da gida. Na biyu tambaya ce. A na uku ne mutum ke cewa to, tunda ka matsa. Aƙilu, da yawu cike da baki, ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai.

"Alhamdu lillahi, Yaya, na ƙoshi. Mun ci a jirgi."

"To madalla," in ji Mudi.

Ya mayar da murfi ya danna, ya miƙe ya ɗora bokitin can saman kabad, ya ɗauki wayarsa ya ce wa wani ya jira shi a bakin ɗakin hoto. Aƙilu ya zauna hannunsa na dama a buɗe a kan gwiwa, ya riga ya shirya shi. Ya jira na biyu. Na biyu bai zo ba. Shekarun da Mudi ya yi tsakanin likitoci da marasa lafiya sun koya masa cewa a'a tana nufin a'a, don in majiyyaci ya ce ba ya jin ciwo ba a sake tambayarsa don kara. Tayin gida ya zube masa a hanya bai ma san ya faɗi ba.

Da rana ya fita da baƙonsa ganin gari, kuma ba laifi, ya yi ƙoƙari. Ya kai shi wata tsohuwar ganuwa ta jan dutse wadda tsofaffin sarakuna suka gina, ya ɗauke shi hoto a ƙofarta. Duk wanda ya ga hoton nan a Ƙarfi sai da ya tambaya ko an yi wa Aƙilu rasuwa ne. Suka yi la'asar a wani ƙaton masallaci mai matattakala kamar ba za ta ƙare ba, sannan suka gangara wani lungu a bayansa inda hayaƙin gashi ya turnuƙe sama. Nama ne iri-iri, na rago, na kaza, a tsinke, a tukunya. Mudi ya sa aka cika musu faranti. Nan kam ba a yi tayi ba balle a ƙi, ajiyewa kawai aka yi, Aƙilu ya ci har gumi ya jiƙa masa riga.

Abin mamaki, ciki ya cika amma abin bai tafi ba. Yana tafe a bayan Mudi cikin cunkoso, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A nan ya gane ashe ba nama yake nema ba tun farko. Gida yake so, kuma duk faɗin Indiya gida bai wuce cikin bokitin kastad ɗin nan da ke saman kabad ba. Kewa ta cika masa ido da ƙwalla, ya ce wa Mudi yajin ne ya shiga masa ido.

Daga nan ya koma jirwaye. Da suka dawo ya ɗaga kai ya ce, "Yaya Mudi, an ce fa dambu in ya daɗe a rufe yakan yi fumfuna."

"Ba na Inna ba," in ji Mudi. "Nata sai ya shekara."

Da safe Mudi ya dafa shayi ya kawo burodi. Aƙilu ya juya burodin a hannu, ya yi ajiyar zuciya. "A gida, irin wannan burodin da dambu ake cinsa."

"Wallahi kuwa," in ji Mudi, har da lumshe ido. Sai waya ta yi ƙara, Alhajin jiya ya sake shan kunu.

Lokacin komawa tasha ya yi. Aƙilu ya rataya jakarsa, wadda ta yi sakayau ba bokiti. Ya sa takalmi ɗaya, ya sa ɗayan a hankali kamar mai ciwon baya, ko Allah zai sa a tuna. Mudi na laluben makulli. Aƙilu ya kalli matattakalar bene, ya hango abin da ke jiransa a ƙasanta: jirgi, ƙauye, shanun da ba a yankawa, romon wake har ƙarshen zango, ga ƙarƙashin gado ba ko ƙanshi. Ya ga kunya dai ta kawo shi har bakin ƙofa, kuma ba ta da niyyar ciyar da shi.

"Yaya Mudi."

"Na'am?"

"Jiya da na ce na ƙoshi." Ya sunkuyar da kai. Tunda aka haife shi bai taɓa faɗin irin wannan magana ba. "Ƙarya nake yi. Ban ƙoshi ba. Tun daga Ƙarfi nake jiran ka yi min tayi na uku."

Mudi ya tsaya da makulli a hannu, baki buɗe. Sai ya fashe da dariya har ya jingina da ƙofa. Yana cikin dariyar ta juye masa, ya zauna a bakin katifa ya rufe fuska.

"Inna lillahi. Sau ɗaya na yi maka, ko? Kai, Mudi, ka lalace." Ya miƙe ya sauko da bokitin, ya buɗe. Sawun ludayin na nan, shi ma bai taɓa ba. "Ka san abin da ya sa na tambaye ka jiya? Duk shekara tana aiko min da shi ta hannun masu zuwa asibiti. Ban taɓa ganinsa ya kai rabi ba. Wani lokaci ɗan kaɗan a gindin bokiti. Na ɗauka iya abin da ta ga ya dace da ni ke nan, ɗan da ya ƙi dawowa gida. Na kasa tambaya. In ta kira sai in ce ya iso, Inna, har ya yi yawa."

Ya danna waya ya kira gida ta bidiyo. Aka daɗe ana miƙa waya daga hannu zuwa hannu, aka ga rufin kwano, aka ga akuya, sannan fuskar Inna Tasalla ta cika gilashin, ta matso da ita har ba a ganin komai sai hanci da ido ɗaya. Mudi ya juya wayar ya nuna mata bokitin.

"Yau na ga ikon Allah," in ji ta. "Cike? Kai Aƙilu, lafiyarka kuwa? Ba ka ci ba?"

"Inna, ai amana ce."

"Amana! To ni don me nake danna shi da ludayi har hannuna ya yi ciwo? Ai na san ɗan saƙo da baki yake tafiya. Rabi na mai ɗauka ne, rabi na mai shi, haka nake yi tun da can." Sai ta tsaya, idon nan ɗaya ya ƙanƙance. "Kai kuma Mudi, me ya samu fuskarka?"

"Ba komai, Inna. Ban san haka kike cika shi ba."

Aka ji zakara ya yi cara can bayanta, a Ƙarfi.

"To da yaya zan cika shi?" ta ce a hankali. "Ɗa nawa gare ni a Indiya?" Ta ja gefen mayafi ta goge ido, sannan muryarta ta dawo daidai. "Dube shi yaron mutane, wuya kamar na zabo. Ka ba shi kuwa?"

"Na yi masa tayi."

"Sau nawa?"

Mudi ya ɗaga yatsa ɗaya. Inna Tasalla ta saki salati mai tsawo wanda sai da ya tara matan gidan, ta ce maza ya raba shi biyu yanzu tana kallo, kuma kada ya kuskura ya girgiza rabon yaron don ya yi kamar da yawa.

Suka zauna a ƙasa, bokiti a tsakiya, waya jingine da kofin shayi. Aƙilu ya kai loma ta farko baki ya rufe ido, sai ga shi a tsakar gida, ana suya, hayaƙi na shiga ido, mahaifiyarsa na korar kaji. Bai ɓoye hawayen ba, bai kuma ɗora wa yaji laifi ba. Mudi ya samo leda ya shiga ɗura masa, yana dannawa da bayan cokali yadda ya ga an yi.

Leda ta cika ta yi tozo. Aƙilu ya ga yawanta, hannunsa ya tafi ƙirji da kansa, bakinsa ya buɗe zai ce haba Yaya, ai ya yi yawa. Mudi ya dakata da cokali a sama yana kallonsa. Inna Tasalla ma ta matso da idonta.

Aƙilu ya sauke hannun, ya jawo jakarsa ya zuge zif ɗin har ƙarshe.